Rigar Baba Dogo

"Sa mini hannu a nan, tunda maƙwabcin naka ba ya gida," in ji mai kawo wasiƙu, yana miƙo mini 'yar na'urarsa. Na goge hannuna a jikin wando na rubuta M. Dabo, ya ɗora mini kwali a hannu ya koma motarsa. Wajen ƙarfe sha ɗaya ne na wata Talata, a watan Satumban 2012. Dawowata ke nan daga kai yara makaranta, don bas ɗin makaranta nake ja a Gaithersburg ta ƙasar Amurka, kuma tsakanin zuwan safe da na yamma ina gida ba abin da nake tsinanawa.

Kwalin ba shi da wani nauyi. An liƙa masa kan sarki na Ostareliya, a gefe ga tambarin wani kulob mai hoton baƙin rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ga sunan Bartholomew Hartigan da manyan baƙaƙe. Ba sai na buɗe ba, na san abin da ke ciki. Ai duk layinmu ba wanda bai sani ba. Wata biyu ke nan mutumin nan yana cika mana kunne cewa tsohon kulob ɗinsa yana bikin shekara hamsin da cin kofi, kuma tunda ciwo ya hana shi hawa jirgi, za su saƙa masa riga irin wadda ya buga wasan kofin da ita su aiko masa, da lambarsa a baya.

Daga ƙofata zuwa tasa taku goma sha biyu ne. Da na ajiye a bakin ƙofar, da magana ta ƙare. Sai kawai na ga na buɗe but ɗin motata, na ɗaga shimfiɗar, na tura kwalin gefen safaya na rufe. Na ce a raina ai ba sata na yi ba. Ya ɗan jira zuwa gobe, shi ma ya ɗanɗana yadda ake ji in ba wanda ya tuna da kai.

Hassada ce, ba zan sake mata suna ba. Bari in faɗi inda ta samo ni.

Mun tare kusa da su ne a 2004. Matata Mairo ce ta raɗa masa Baba Dogo, saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansa. Matarsa Pauline ma'aikaciyar jinya ce 'yar nan ƙasar, ita ya biyo ya baro garinsu. Turancinsa ta hanci yake fita, sai da na yi shekara biyu kafin in daina cewa "na'am?" sau uku a magana ɗaya. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci amanarsa a kai ba. Ya gyara mana famfo ya fi sau goma, don shi ne aikinsa na asali. Laifinsa ɗaya, ya taɓa buga ƙwallo, kuma duniya ta rubuta ta ajiye.

Ƙwallon nasu ma abin dariya ne. Ita ƙwallon kamar gwanda, filin kamar ƙwai, mutum goma sha takwas kowane gefe, ba raga sai dogayen sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili. A kama da hannu, a naushe ta, a doka da ƙafa, a taka kafaɗar mutum a cafke ta a sama, alƙalin wasa yana kallo bai ce uffan ba. Shi Dogo aikinsa tsalle. In alƙali ya buga ƙwallo da ƙasa a tsakiyar fili ta tashi, shi ne zai rigaya kowa ya maro ta ga 'yan ƙungiyarsa. Ya fara wa kulob ɗin Marlow Creek wasa yana ɗan shekara ashirin. Litinin zuwa Juma'a yana ƙarƙashin gidajen mutane da sifana, ranar Asabar mutum dubu goma sha biyar suna kiran sunansa. Sun ci kofi a 1962, da hancinsa a karye ya ƙarasa wasan. Bayan shekara uku gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye.

Wasa ɗari da goma sha biyu ya buga, ya ci ƙwallo arba'in da ɗaya. Na haddace ne ba don ina so ba. Komai a rubuce yake: ranar wasa, da wa aka kara, an yi ruwa ko ba a yi ba. Yana da kundi biyu cike da yankakkun jaridu. An zana sunansa da ruwan zinariya a allon kulob. Duk Kirsimeti sai sun aiko masa da kati.

Ni kuma fa? Ni Munzali, shekara bakwai ina tsaron gida wa Taurarin Dilimi a Jos, a ƙwallon gaske wadda duniya ta sani. Akwai lokacin da in na shiga kasuwar Terminus masu nama ke miƙo mini tsire kyauta. Da kamfanin kuza da ke ɗaukar nauyinmu ya durƙushe, ƙungiyar ta bi shi, ko rajistar sunayenmu ba a san inda take ba. Hoto ɗaya tal muka taɓa ɗauka, gara ta cinye shi a akwatin mahaifiyata. Chuwang ɗan wasan bayanmu ya rasu. Dung ya zama fasto a Bukuru, in na kira shi na kawo maganar ƙwallo sai ya ce waɗannan kwanakin ɓata ne, mu yi maganar lahira. Ba ni da shaida ko ɗaya sai bakina, kuma a ƙasar nan baki ba shaida ba ne.

Duk wannan da na haɗiye shi, ba don Afnan ba. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Tana shekara tara muka zo layin, Dogo ya koya mata naushin gwandar nan tasa a kan ciyawar gaban gida. Ni na saya mata ƙwallo zagayayya, ta bar ta a gareji har ta sace. Da ta kai sha bakwai, za ta nemi jami'a, aka ce su rubuta labarin mutumin da ya koya musu juriya. Na yi aski, na zauna a falo kwana uku ina jiran a zo a yi mini tambayoyi. Ashe ta gama rubutawa tuni. Shafi biyu cur a kan Baba Dogo da karyayyen hancinsa.

Da yammar ranar da na ɓoye kwalin, ina fitowa daga mota na gan shi zaune a barandarsa, an lulluɓa masa bargo a cinya. Daga asibiti suka dawo, ciwon daji ne a hanta, duk ya zuƙe sai tsawon.

"Gola," ya kira ni. Afnan ce ta koya masa kalmar, ita ke nan Hausarsa. "Mai wasiƙu ya zo yau?"

"Ban gan shi ba," na ce. Ko gezau muryata ba ta yi ba.

"To, wataƙila gobe."

Goben ta zo, na ce jibi. Ba abin da ya fi ƙarya saurin yin jijiya. Kwana ɗaya za ka iya cewa ka manta, kwana biyar kuma me za ka ce? Kullum ƙarfe sha ɗaya saura yana fitowa baranda da sandarsa ya zauna. Motar wasiƙu ta zo ta wuce, ya ɗaga mini hannu in ina waje, ya lallaɓa ya koma ciki. Ni kuma in shige gida in kunna rediyo da ƙarfi. Ba zan ɓoye ba, a makon farko har wani sanyi nake ji a raina. Na ce to, ga mai allon zinariya ma an manta da shi.

Ranar Asabar ta biyu zuciyata ta ɗan yi laushi. Na fito da kwalin na rufe shi da tsohuwar rigar sanyi, na nufi gidansu da niyyar in ce a bayan kwandon shara na tsince shi. Ƙofar a buɗe take. Ina daga bakin baranda na jiyo dariyar Afnan. Suna kallon wani tsohon faifai ne mai baƙi da fari, wanda na gani ya fi sau biyar, inda Dogo ke taka bayan wani mutum ya kamo ƙwallo a sama.

Ta hango kaina ta taga. Da Turanci ta yi magana, kamar kullum. "Abba, zo ka ga ɗan wasan gaske."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani. Amma ji na yi kamar an watsa mini ruwan barkono a ido. Na ce mata ina sauri, na juya na mayar da kwalin inda yake, na buga murfin but ɗin har ƙararrawar motar ta ɗauka.

Daga nan na daina shiga gidan. Mairo kuwa kullum tana hanya da kwanon farfesu ko kunun gyaɗa, ko da yake cokali biyu yake iya sha. Wata rana tana zuba mini abinci ta tsaya da ludayi a hannu.

"Baban Afnan, wai me Baba Dogo ya yi maka?"

"Me kika gani?"

"Mako uku ba ka leƙa shi ba. Mutum yana kwance, katanga ɗaya ta raba ku. Ko a Jos aka yi haka ai sai a zage mu."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Wane aikin? Wanda kake dawowa ƙarfe sha ɗaya ka kwanta?" Ta ajiye ludayin. "Jiya ya ce wa Pauline in rigar nan ta iso a sa masa ita in za a binne shi. Wallahi mutanen nan ba su kyauta ba. Ka yi wa tsoho alkawari ka bar shi yana kallon hanya."

Na ture kwanon gefe. Na ce mata Turawa ai haka suke, na tashi na wanke hannu.

A mako na biyar ya daina fitowa baranda. Aka kawo gadon asibiti aka kafa masa a falo, kusa da taga mai kallon titi. Ƙafafunsa har sun ɗan zarce ƙarshen gadon, sai da Pauline ta kara kujera da matashi. Ranar wata Talata bayan la'asar Afnan ta shigo ta ce Baba Dogo yana kirana, ni kaɗai yake nema. Na sa hula na bi ta kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Ɗakin yana warin magani. Pauline tana gefe tana ninke tawul. Ya nuna mini kujera da ido, na zauna a bakin-bakinta.

"Gola," ya ce, muryar can ƙasa. "Shekara takwas ina ba ka labarina. Ban taɓa barin ka gama naka ba. Ba ni labarin fanaretin nan."

Na taɓa fara ba shi sau ɗaya tun zuwanmu, waya ta katse mu, ban ƙara ɗagowa ba. Na ce ai tsohon zance ne. Ya ce shi ma tsoho ne, sun dace.

Sai na ba shi. Shekarar 1983, wasan kusa da na ƙarshe, mu da wata ƙungiya daga Bukuru. Ruwa ake tsugawa, filin ya zama kunu. Muna gaba da ɗaya, saura minti biyu alƙali ya busa fanareti. Mai bugun wani gajere ne mai ƙafar hagu da ba a taɓa tare masa ba. Chuwang yana can bayan layin fanareti yana ta addu'a da yarensu.

"Ina ya kalla?" Dogo ya tambaya.

"Hagu ya kalla."

"Ƙafar da ya dasa fa?"

Na dube shi. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, don sai wanda ya tsaya a fili ya san ido yana ƙarya, ƙafa ba ta yi. "Dama ta nuna," na ce. "Na bi ƙafar. Da ɗan ƙaramin yatsa na taɓa ta, ta daki ƙarfe ta fita. Yatsan ya karye, ban ma sani ba sai da aka tashi."

"Mu gani."

Na miƙa masa hannun. Ya ɗago nasa da ƙyar ya jera kusa da nawa. Yatsunsa uku a karkace suke kamar saiwar rogo, nawa ɗaya. Ya juya wajen Afnan.

"Kin ga wannan? Ba a sayen sa a kanti. Ubanki ɗan wasa ne."

Afnan ta matso ta kama yatsan tana juya shi kamar yau ta fara ganinsa. "Abba, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba," na ce, ina ƙoƙarin dariya.

Da na tashi tafiya ya riƙe bakin hannun rigata. "Kayan Ostareliya suna daɗewa a hanya," ya ce. "Amma suna isowa." Na ce ƙwarai kuwa, in Allah ya yarda.

Motata tana nan a ƙofar gida, makullin yana aljihuna. Minti ɗaya ya isa. Amma Afnan tana riƙe da hannuna har muka tsallaka ciyawar, tana tambayata nawa ne faɗin raga, wane irin safar hannu muke sawa, ko kakarta ta taɓa zuwa kallo. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, ya zo hannuna bai fi minti goma ba. In na buɗe but ɗin nan a gabanta, ya tafi. Sai na shirya dabara. Gobe in na dawo daga zuwan safe, tana makaranta, zan ajiye kwalin a bakin ƙofarsu daidai lokacin mai wasiƙu, in danna ƙararrawa in gudu. Kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya.

Washegari na sauke yaran ƙarshe, na mayar da bas, na taho gida har ina tsallake gaisuwar abokan aiki. Ina shan kwanar layinmu na ga wata doguwar mota mai ruwan toka a ƙofar gidansu, mutum biyu masu baƙaƙen kwat suna rufe bayanta a hankali. Mairo tana tsaye a baranda da mayafinta a baki. Ƙarfe tara da 'yan mintuna ya cika, ina can ina faɗa da yara su zauna a kujerunsu.

Na yi salati. Na daɗe a cikin motar, sannan na fita na buɗe but. Ban rufe kwalin da komai ba wannan karon. Na ɗauke shi a fili na taka taku goma sha biyun nan.

Pauline tana zaune kusa da gadon da ba kowa a kai. An ɗauko Afnan daga makaranta, tana durƙushe a gefenta, idanunta sun kumbura. Na tsaya a tsakiyar falon da kwali a hannu. Na buɗe baki in ce yanzu aka kawo, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ajiye a nan, Munzali," Pauline ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na kira gidan waya tun kwana uku da zuwan kwalin. Sun karanta mini sunan wanda ya sa hannu."

Na ajiye kwalin a gabanta.

"Na so in zo in ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ya hana ni. Ya ce in ka ƙwace ƙwallo a hannun mai tsaron gida ka ci mutuncinsa, a bar shi ya jefo ta da kansa." Ta share hanci da tawul ɗin hannunta. "Ba mai wasiƙu yake fita jira ba. Kai yake jira."

Na ji Afnan ta ɗago kai. Ban iya kallon wajen ba. Na ce, "Ki yafe mini." Pauline ta ce ba ita ce mai rigar ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta sa almakashi ta yanke kwalin. Rigar ulu ce mara hannu, baƙa da ratsin ja a ƙirji, da lamba goma sha tara fara a baya. Tana ɗago ta wari ya cika falon. Galan ɗin fetur na injin yankan ciyawa da nake ajiyewa a but ya yi yoyo, gindin kwalin ya sha, rigar ma ta sha. Pauline ta riƙe ta nesa da fuskarta. Jibi za a binne shi, ta ce, ba za ta sa masa abu mai warin gareji ba.

"Ba ni," na ce. "Ni zan wanke."

Na kai ta bayan gidanmu na tara ruwan sanyi a babbar robar Mairo. Na wanke da hannu sau huɗu, ina zubarwa ina sakewa, ina shinshinawa, har yatsuna suka daina jin sanyin. Mairo ta leƙo sau ɗaya ta koma. Da warin ya fita na ɗago rigar, ta yi nauyi da ruwa, na kama zan murɗe ta.

"Ba a matse ulu."

Afnan ce a bayana, da babban tawul a hannu. Ba ta ce Abba ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta karɓi rigar ta naɗe ta cikin tawul ɗin ta danna a hankali, sannan ta shimfiɗa wani busasshe a kan ciyawa inda rana take, ta baje rigar a kai, ta daidaita kafaɗun da tafin hannunta. Ta miƙe ta koma gidan Pauline.

Oktoba ce, itatuwan layin suna ta zubar da ganye. Lokacin zuwan yamma ya yi, na kira wurin aiki na ce a nemi wani ya ɗauki bas ɗin. Na jawo kujerar roba na zauna kusa da rigar. Duk ganyen da ya faɗo a kan lambar sai in sunkuya in ɗauke shi.